Almakashin Dudley Fenwick

Duk ƙauyen Skelby babu wanda bai san Dudley Fenwick ba, ba don wani abin a zo a gani da ya taɓa yi ba, sai don shi da kansa ba ya bari a manta da shi. Gajere ne mai tumbi, ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da labule a birnin Hull har ya yi ritaya. Amma in ka ji shi ranar Juma'a a mashayar ƙauyen, sai ka rantse shi ya koya wa taya juyawa.

Babban abin alfaharinsa shi ne filin tseren motoci, tsohon filin jirgin saman nan da ya yi iyaka da shingen lambunsa. A can masu motocin gudu kan biya kuɗi su yini suna zagaye, ba gasa, ba kofi, don marmari kawai. Da ƙugin motocin ya ishi mutane, Dudley ne ya kafa kwamiti, ya naɗa kansa shugaba, ya naɗa matarsa Glenda sakatariya, ya hana hukuma sakat sai da aka yi doka. Aka dasa na'urar auna ƙara a kan dogon ƙarfe a ƙarshen lambunsa, da jar fitila a samanta. Duk motar da ta sa fitilar ta kama, an kori mai ita ke nan, ba roƙo, ba sulhu. In ƙarar ta wuce makaɗi da rawa har jiniya ta tashi, a rufe filin gaba ɗaya, kowa ya kama gabansa.

Akwai kuma wani ƙari da Dudley ya cusa da hannunsa. Kowane direba ana ɗaura masa munduwar takarda a wuyan hannu, in babu ita ba ya shiga fili, kuma shugaban kwamiti ne kaɗai ke datse ta mai laifi. Wannan aiki ya fi masa abinci daɗi. Da zarar fitila ta kama sai ya zari almakashin ɗinkin Glenda, ya ɓulla ta ƙofar baya, ya datse munduwar a gaban kowa, ya dafa kafaɗar mai ita ya ce, "Gida ya fi, yaro. Je ka sha shayi."

To, mutumin da ya shekara yana kallon motoci ta saman shinge, sannu a hankali sai ya fara ganin duk ba su iya ba.

"Wallahi tausayi suke ba ni," in ji shi a mashaya. "Suna shiga kwana kamar masu ɗauke da ƙwai. Da a ce na bi wannan layi tun ina yaro, da yanzu hotona ne a bangon nan."

Nigel, ƙanin Glenda, wanda ba ya barin ta kwana, ya ce, "Kai da ka gogi motar faston coci a filin ajiye motoci, filin kuma babu kowa sai ita?"

"Shi ya ajiye ta a kan layina."

Ba a yi nisa ba sai ga Dudley ya shigo ƙauye da wata tsohuwar jar mota mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta. Glenda ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Shekara da shekaru burinta su sayi ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, su riƙa zuwa bakin teku lokacin zafi, Dudley kuwa ya yi mata alkawari har ya gaji da yi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ita ba mai hayaniya ba ce.

Da ya gama zayyana mata ƙarfin injin, ta ce, "Na ji. Ka je filin sau ɗaya. In ka dawo mini da yamma da munduwarka a hannu, ka riƙe motarka, ba zan sake maganar teku ba. In ka dawo ba ita, a sayar da mota a sayo ɗakina."

"Shi ke nan sharaɗin? Glenda, ni fa na rubuta dokar nan. Kin taɓa ganin kifi ya nutse?"

"Na ga wanda aka soya," in ji ta, ta koma ciki.

Dudley ya shiga gareji ya fara gyara. Ya ji an ce maƙiyin gudu nauyi ne, don haka ya cire kujerar fasinja, da safaya, da rediyo, da na'urar ɗumama mota, da shimfiɗun ƙafa. Ya dubi rufin ya ga ba shi da wani amfani, ya kwance shi. Ya cire waifa, ya ce iska ma ta isa ta share gilas in ana gudu na gaske. Ya yanke sifirin har cikin motar ya kusa shafar ƙasa. A baya ya kafa mata fiffike, wanda Glenda ta gane teburin gugarta ne bayan ta yini tana nemansa. Sai uwa uba, salansa, bututun hayaƙin da ke rage ƙarar inji. Ya cire ta kamfani, ya sayo wata ƙatuwa mai baki kamar bokiti, ya ce ita ke barin inji ya yi numfashi.

Ranar da ya fara tayar da ita, tantabarun ƙauyen suka tashi gaba ɗaya. Tsohuwa Misis Ottoway, maƙwabciyarsu, wadda kunnenta ya daɗe da yin ritaya, ta leƙo ta saman katanga.

"Mista Fenwick, ana buga ƙofa ne?"

"Ka ji ko?" in ji Dudley ga Nigel. "Ko ita da ƙyar ta ji. Ƙarar ba ta da yawa."

"Wannan ne karo na farko da ta ji wani abu tun auren sarauniya," in ji Nigel.

Daga gyaran mota sai koyon tuƙi. Masu filin suna da malami da kan zauna kusa da sabon shiga ya nuna masa hanya, amma Dudley ya ce ai shi ya kamata ya koyar da malamin, ga shi ma ya riga ya cire kujerar. A gida ya yi karatunsa. Ya zauna a kujerar falo da murfin tukunya a hannu, yana gwada taka birki da yatsun ƙafa da totur da diddige a lokaci ɗaya, a kan gwangwanaye uku da ya jera, har ya taka jelar kyanwa. A kanti ya riƙa tura amalanken sayayya yana buɗewa waje, ya yanko ciki, ya sake ficewa waje, yadda gwanaye ke cin kwana. A kwana ta uku ya kwashi tulin waken gwangwani da aka jera har rufi, suka bi shi da gudu har wurin biyan kuɗi. Ya ce wa manajan tayar hagu ce ba ta da iska, manajan ya nuna masa tayoyin amalanken roba ce zalla.

Na ƙarshe ya hau injin yankan ciyawa ya ce zai gwada taka birki a makare. Ya makara ƙwarai. Ya ratsa katangar katako ya faɗa lambun Misis Ottoway, ya raba ƙatuwar kabewar da take reno don gasar ƙauye gida biyu.

"Mista Fenwick," in ji ta, tana duban kabewar, "wannan karon ma ba ka buga ƙofa ba."

Duk wannan bai hana shi tsayawa a mashaya daren jajibirin zuwa filin ya gayyaci kowa ba. Ya ce a taru a lambunsa, bakin shinge, inda doguwar miƙaƙƙiyar hanyar filin ta wuce. A zo da kujeru. Wanda bai taɓa ganin tuƙi ba ya zo ya gani kyauta.

Gari ya waye da yayyafi, kamar yadda ya saba. Dudley ya fito cikin rigar tsere da ta matse shi, da hular kwano, ya tayar da mota. Bai wuce ƙofar coci ba cikin motar ya hau tudun rage gudu ya zauna daram, tayoyin baya suna juyi a iska. Shi ne dai ya matsa a yi tudun nan shekarun baya. Sai da Nigel da mai kai wasiƙu da faston da kansa suka sa hannu.

"Ai sai ka fito mu ɗaga, Gwarzo," in ji Nigel. "Ka cire rediyo ka bar tumbi."

A filin aka ɗaura masa munduwa mai ruwan ɗorawa, aka tara direbobi ana yi musu bayanin tutoci da ƙa'idar wuce juna. Dudley bai saurara ba, yana can baya yana gaya wa wani likita yadda ake riƙe sitiyari. Aka miƙo masa alamar sabon shiga da ake mannawa a bayan mota, ya ce ba ya so. Nigel, wanda ya biyo shi don kada labari ya wuce shi, ya karɓa ya manna guda biyu.

Sai layin gwajin ƙara, wanda kowace mota ke bi kafin ta shiga. Mai gwajin wata doguwar mata ce, Moira, da ta sha ganin Dudley yana zuwa da almakashi. Ta dube shi, ta dubi motar, ta dubi teburin guga, ba ta yi ko murmushi ba. Ta saita na'urarta kusa da bakin salansa.

"Taka, Mista Fenwick."

Ya taka. Allurar ta haye jan layi ta je ƙarshe ta manne. Wani kare ya shige ƙarƙashin motar sayar da abinci.

"Ba ka ci ba."

"Na'urarki ta lalace."

"Kwamitinku ne ya zaɓo ta."

"To ki sassauta mana. Ke ma kin san dokar nan ta yi tsauri da yawa. Wane mara aikin yi ne ya..." Sai ya tuna wanda ya rubuta ta.

"Wanda ya kawo ta ya ce ko ɗan sarki ne kada a sassauta," in ji Moira. "Ina wurin ya faɗa. Ka je ka rage ƙara ka dawo, ko ka tafi gida. Na gaba."

Ido ya raina fata. Dudley ya dubi munduwarsa, ya tuna ɗakin Glenda mai taya, ya ga kansa yana jan sa a bayan tirela zuwa bakin teku. Ya zagaya bayan motar abinci, inda mai ita ke kankare kaskon suya, sai idonsa ya sauka a kan soson ƙarfe. Ya taɓa jin ana yin wannan dabara. Ya saye duk wanda matar take da shi, sabo da tsoho, har da mai maiƙo. Ya durƙusa ya riƙa cusawa cikin salansa da sandar tsintsiya. Inda wasu kan sa guda biyu, shi ya ga in biyu na da kyau to goma sun fi. Ya toshe bakin da waya.

Da ya koma layi, motar sai wani ɗan huci take kamar tsoho mai mura. Moira ta duba allura, ta duba bakin salansa inda wayar ke leƙowa.

"Ka ci. Amma na'urar lambunka ba ta barci, ka sani."

"Ni na dasa ta," in ji Dudley.

Ya shiga fili. Nan ya gane inji ma kamar mutum yake, in an toshe masa hanci ba ya gudu. Ya taka totur har ƙasa, motar ta yi tunani, sannan ta ɗan ƙara. Ruwa ya tsuge. Ba rufi, ba waifa, ba ɗumi. Gilashin hular kwanonsa ya yi hazo, ruwa ya taru a inda kujerar fasinja take a da, yana kai kawo duk lokacin da ya ci kwana. Motoci suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Likitan nan ya wuce ya ɗaga masa hannu. Wata yarinya sabon shiga da malami a gefenta ta wuce. Har motar ma'aikatan filin da ta fito ɗauko wata robar alama da ta faɗi ta bi bayansa ta gaji, ta yi masa fitila ya kauce.

A bakin shinge kuwa rabin Skelby ne a zaune, da lemomin kare ruwa da kujerun naɗewa da butocin shayi. Glenda na tsakiya tana saƙa. Nigel ya riga ya zagayo ya same su, ya kuma samo lasifikar da ake amfani da ita ranar gasar ƙauye.

Da Dudley ya zo wucewa karo na farko, aka zuba ido ana jira. Ya wuce a hankali har Misis Ottoway ta samu damar gaishe shi.

"Ɗumama inji yake," in ji faston, don shi mutum ne mai kyautata zato.

A zagaye na biyu Nigel ya ɗaga lasifika. "Gwarzo, in ka ga madara a hanya ka taho mana da ita."

A na uku: "Dudley, Glenda ta ce in ba ka amfani da teburin, akwai guga."

Gaskiyar magana, da Dudley ya daure da ya ci. Ba wanda ya ce sai ya yi gudu. Ya yi ta rarrafensa har yamma, ya koma gida jiƙe da munduwa a hannu, mota ta zama tasa har abada. Shi ma ya san haka, ya ma faɗa wa kansa a cikin hular kwano. Amma dariyar nan ta bakin shinge tana shiga masa har ƙashi. Mutum ne da zai iya jure ruwa da sanyi, amma ba zai iya jure a yi dariya ba shi ya ba da labarin ba.

Da ya fito kwanar ƙarshe ya hango shinge, sai ya mayar da giya ƙasa, ya taka kuloci, ya danne totur har inji ya yi kururuwar da zai iya, sannan ya saki.

Abin da ya biyo baya, a ƙauyuka uku aka ji shi. Salansa ta yi aman soson ƙarfe gaba ɗaya, jajir kamar garwashi, daidai gindin dogon ƙarfen nan. Jar fitila ta kama. Jiniya, wadda tun da aka dasa ta ba a taɓa jin muryarta ba, ta tashi. Dunƙulen soson ya tsallake shinge ya faɗa ta tagar rumfar da Dudley ke ajiye busasshiyar ciyawa da fenti, hayaƙi ya turnuƙe. Mutanen Skelby suka watse da kofuna a hannu.

Ita kuwa mota, da hancinta ya buɗe, sai ta zabura kamar an tsikare ta. Ma'aikata suka fito da jajayen tutoci ko'ina, kowane direba ya rage gudu kamar yadda aka gaya musu da safe. Dudley, da bai saurari bayani ba, kuma ba ya ganin komai sai hazo, ya ga kawai yana wuce motoci. Ya wuce yarinyar. Ya wuce likita. Ya wuce wata baƙar mota mai tsada da ta yini tana raina shi. Daɗi ya kashe shi, ya ɗauka tutocin nan jinjina ake masa, ya saki sitiyari ya ɗaga hannu yana amsawa. Ya iso kwana ya tuna da darasin birki da diddige, ya taka birki da totur da kuloci duka ukun a tare. Motar ta juya sau biyu, teburin guga ya yi nasa wuri, ta ja da baya ta nutse cikin tsakuwar gefen hanya har ƙofa.

Aka jawo shi zuwa wurin ajiye motoci. Direbobi sun fi hamsin a tsaye, kowa ya biya kuɗin yini guda, an rufe musu fili tun kafin abincin rana. Kowa harararsa yake. Mutanen ƙauye ma sun iso ta ƙofar baya, bayan sun kashe wutar rumfa da ruwan shayi da bokitin Misis Ottoway.

Dudley ya cire hula ya ce, "Kun dai gani da idonku. Takwas na wuce."

"A ƙarƙashin jar tuta," in ji Moira. "Wannan ma laifi ne, amma mu bar shi. Fitila ta kama, jiniya ta tashi. Ana neman shugaban kwamiti ya zo ya datse munduwa."

Dudley ya mayar da hannunsa baya. "Shugaba ba ya nan yau. Ya tafi hutu. Tunda babu mai datsewa, sai a bar maganar."

Wani daga cikin direbobin, wanda aka taɓa datse wa tasa bara, ya ce, "Ni zan iya riƙe masa hannun in ana bukata."

"Ba sai an kai ga haka ba," in ji Moira. "Mista Fenwick ya yi tanadi. Ya ce in shugaba ba ya nan, sakatariya."

Taron ya dare. Glenda ce ke tahowa cikin rigar ruwa, ba ta sauri, jakar saƙarta a kafaɗa. Ta tsaya gabansa ta zaro almakashin, wanda shi da kansa ya wasa a farkon bazara.

"Glenda," in ji shi ƙasa ƙasa, "shekarunmu nawa tare? Ki dubi girman zama."

"Shi nake dubawa. Duk shekarun nan ban ga teku ba."

"Rumfata fa ta ƙone. Ai an hukunta ni."

"Ba roƙo, ba sulhu. Miƙo hannun."

Ya duba hagu, ya duba dama, bai ga fuskar da za ta cece shi ba, har faston ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Ya miƙa. Almakashi ya yi ƙaras, munduwar ta faɗi cikin ruwa. Glenda ta mayar da shi jaka, ta dafa kafaɗar mijinta, ta gyara masa wuyan rigar da ta jiƙe sharkaf.

"Gida ya fi, yaro," in ji ta. "Zo ka sha shayi."

Direbobin nan da aka ɓata wa yini suka tafa mata, har Moira sai da ta juya baya tana goge ido don dariya.

An sayar da jar motar ga wani makaniki da ya ce ya fi son ya saya a kilo. Yanzu duk lokacin zafi za ka ga ɗaki mai taya yana fita daga Skelby, Glenda a kan sitiyari, Dudley a gefe riƙe da taswira yana gaya mata inda za ta taka birki, ita kuwa ta ƙure rediyo. Ranar Juma'a kuma yana nan a kujerarsa ta mashaya. In baƙo ya shigo, ba a jimawa zai ji cewa a tarihin filin nan mutum ɗaya ne tak ya taɓa tayar da jiniya, kuma ga shi zaune. Wannan dai ko Nigel bai taɓa musa masa ba.